Sakan na Takwas

Tun farko na ce kada a bar Gaétan ya danna madannan nan da hannunsa. Ba wanda ya saurare ni. Shekara kusan hamsin ina kaɗa ganguna a bayan mutumin nan, kuma a ƙungiya irin tamu mai ganga can baya ake ajiye ta, a ji hannunta, kada a ji bakinta.

Gaétan mijin ƙanwata Armelle ne. Shi ya kafa ƙungiyar a garejin mahaifinsa, a ƙauyenmu kusa da Montbéliard, a shekarar 1975, lokacin da dukkanmu muke aiki a masana'antar mota. Kiɗanmu ba na rawa ba ne. Waƙa ɗaya takan ci minti ashirin, a fara da sarewa a hankali, jita ta shigo da ihu, a canja taki sau biyar kafin a dawo inda aka faro, baitocin kuma da Faransanci, ko da yake masu buga faifai sun sha gaya mana mu koma Ingilishi in muna son a saya. Gaétan ya ce shi da Faransanci yake mafarki. Ba mu yi arziki ba, amma har yau akwai masu furfura da ke tuƙo mota daga Belgium don su ji mu.

Abin da suke zuwa ji kuwa ba gangata ba ce, na sani. Kaka suke zuwa ji. Haka muke kiran wata tsohuwar na'urar kiɗa mai kama da ƙaramin fiyano, fara, mai nauyin da sai ƙarti uku ke ɗaga ta. Madannai talatin da biyar gare ta, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai zaren kaset guda. In ka danna, zaren ya ja, ka ji sautin da aka ɗauka a kansa. Tsawonsa sakan takwas ne kacal. In ya ƙare sai ka ji ƙwas, shiru ya biyo baya. In ka ɗaga yatsa, sifirin ya fizgo shi baya. Shi ya sa duk mai kaɗa irin wannan na'ura yake koyon ɗaga yatsa kafin zaren ya kai ƙarshe, ya sauya zuwa wani madannin, kamar mai tafiya a kan ƙasa mai zafi.

Zarurrukan da ta zo da su sautin goge ne da sarewa. A farkon 1979 Gaétan ya cire su. Ya ɗauki Armelle ya kai ta wani ƙaramin coci a kan tudu, saboda yadda gini ke mayar da murya, ya sa ta rera sauti talatin da biyar ɗaya bayan ɗaya, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, tana jan kowanne iya numfashinta. Ni ban je ba, ina bakin aiki. Ya dawo ya yayyanka zaren da almakashi da abin awo, ya ɗora wa Kaka. Daga ranar, in ya danna madannai huɗu, Armelle huɗu ne ke waƙa tare.

Armelle ta rasu a 1983, bayan jinyar wata huɗu. Ta bar 'ya guda, Solène, mai shekara huɗu. Ni na yi mata kitso, ni na kai ta makaranta, don ubanta in ba a gareji ba ba ya ganin mutum. Tata take kirana, wato inna da Faransanci, kuma tun tana ƙarama tambaya ɗaya take mini.

"Tata, yaya Mama take magana?"

Waƙar uwarta kam ta ji ta har ta haddace, tana kan faifai uku. Amma maganarta ta yau da kullum, yadda take kiran mutum, yadda take tsaki, ba mu da ko kalma ɗaya a ɗauke. A lokacin wa ke ɗaukar magana? Nakan gwada kwaikwaya, sai ta girgiza kai ta ce, "Wannan ke ce." Gaskiyarta. Ni ma muryar ta daɗe da kuɓuce mini, kuma wannan abu yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Solène ta girma ta zama mai haɗa sauti a Lyon. Bara ta dawo gida ta ce za mu yi sabon faifai, tsohon kiɗanmu da sababbin sautukanta na kwamfuta a tukunya ɗaya. Gaétan ya sha kunu na mako biyu, sannan ya ji abin da ta haɗa ya yi shiru, wanda a wajensa yabo ne. Ana cikin gwaji sai Kaka ta fara shaƙewa. Muka buɗe bayanta, muka tarar da wata hoda ruwan ƙasa ta zube a ƙasan akwatin. Hodar nan ita ce muryar. Zaren ya tsufa, abin da ke riƙe da sautin yana ɓarewa duk lokacin da aka danna.

Wani tsoho mai gyara a Besançon ya zo ya duba, ya busar da zarurrukan a cikin wata 'yar murhunsa, ya ce ya yi iyakar abin da zai iya. "Sau ɗaya za su wuce da kyau," in ji shi. "Na biyu ban yi alkawari ba. Ku kwafe su a kwamfuta, kowanne daga farko har ƙarshe, sannan ku bar tsohuwar ta huta."

Muka sa ranar Asabar da safe. Ina zuwa na tarar Solène ta jera wayoyinta, ta ajiye auduga da sifirit don goge wurin da zaren ke bi. Gaétan kuwa ya riga ya zauna a gaban Kaka, da rigar sanyinsa mai ɓula a gwiwar hannu.

"Tashi," na ce. "Bar yarinyar ta danna."

"Wace yarinya? Shekararta arba'in da biyar."

"To ta isa ta danna madanni ke nan."

"Ba wanda ya taɓa danna Kaka sai ni. Ke je ki nemi abin dukanki, Ghislaine, nan ba wurin masu sara itace ba ne."

"Ai masu saran itacen ne suka riƙe ka shekara hamsin, da tuni ka ɓata a tsakiyar waƙa."

"Tata, Papa, don Allah," in ji Solène, ba ta ko ɗago kai daga kwamfutar ba. "Papa, kai za ka danna, na yarda. Amma ka riƙe har zaren ya ƙare. Har ka ji ƙwas ɗin. Ina son komai."

"Me za ki yi da ƙwas?"

"Ni na san abin da zan yi da shi."

Ta ɗaga hannu, ya danna na farko. Muryar Armelle mafi kauri ta cika garejin, ita kaɗai, ba jita ba ganga. Na manta rabon da in ji ta haka tsirara. Ina ƙirgawa a raina, don mai ganga ba ta iya daina ƙirga: biyar, shida, bakwai. A bakwai cif ya ɗaga yatsa. Sifirin ya fizgo zaren baya.

"Papa, ka ɗaga."

"Na ɗaga? Sabo ne. Bakwai ma ya ishe ki, sautin ɗaya ne."

Ta goge da auduga, audugar ta fito ja wur. Ya danna na biyu, ya ɗaga a bakwai. Na uku ma haka. A na biyar ta sake roƙonsa, ya ce yatsan ne ke tashi da kansa, shekara arba'in da biyar ba wasa ba. Ni ma a lokacin na yarda sabo ne, don na san masu kaɗa irin wannan na'ura. Akwai wanda na sani a Nancy da ko ƙararrawar ƙofa ba ya iya dannawa ta wuce sakan bakwai. Amma yarda daban, haƙuri daban. Solène irin uwarta ce, in ranta ya ɓaci sai ta ƙara ladabi. A na goma ta daina magana. Tana goge hodar, tana rubuta lamba, tana ɗaga hannu. Ni kuwa ina tsaye ina tafasa.

A na goma sha takwas muka tsaya shan kofi. Na kawo burodi da cuku, ba wanda ya taɓa. Na bi Gaétan bakin ƙofa.

"Me ya sa kake mata haka?"

"Me na yi?"

"Abu ɗaya ta roƙe ka. Sakan ɗaya. Ko jaki aka ce ya tsaya sakan ɗaya zai tsaya."

"Ba komai a wurin, Ghislaine. Ƙara ce kawai."

Ya faɗi haka yana kallon gonar maƙwabci, ba ni ba. Da ina da hankali da na tsaya a nan na tambaye shi. Amma ni in raina ya ɓaci hannuna ke tunani.

Muka koma. Sha tara, ashirin, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, duk a bakwai. Da ya danna na ashirin da uku na zagayo ta bayansa, kamar zan ɗauki kofina. Ina jin shida na ɗora tafin hannuna a kan yatsansa na danne da dukkan nauyina. Ya yunƙura zai fizge. Ina! Hannun da ya shekara hamsin yana dukan fata ba tsoho mai taɓa madanni ne zai ture shi ba.

Bakwai ya wuce. Sautin ya yanke, aka ji an ja numfashi, sai wata murya ta ce da sauri, cikin haki da 'yar dariya:

"Wayyo, yana harbina!"

Ƙwas.

Ban san lokacin da na saki hannunsa ba.  Ita ce. Yadda take haɗiye ƙarshen kalma, yadda muryar ke ɗan karyewa in tana dariya. Shekara arba'in da ɗaya ina neman wannan murya a cikin kaina ban same ta ba, ashe tana cikin garejin da nake zuwa duk Alhamis.

Solène ta cire abin sauraren da ke kunnenta a hankali. Fuskarta ta yi fari fat.

"Wa ke harbinta?" ta tambaya.

 Ta san watan da aka haife ta, ta san watan da aka yi ɗaukar. Ta ƙirga da kanta.

"Ni ce," in ji ta. Sannan ta juya ga ubanta. "Papa. Ka san da wannan?"

Ya daɗe yana murza yatsan da na danne. "Ni na yanka su," ya ce.

"Ban tambaye ka wa ya yanka ba."

"Numfashinta ba ya kai takwas. Cikinki da take ɗauke da shi ya tsufa. Ni kuma da abin awo na yanka, dole kowane zare ya cika tsawonsa, in ba haka ba ba zai zauna ba. Sai da na ɗora na ji akwai surutu a ƙarshe. Yana ɓata kiɗa, sai na koyi ɗagawa."

"Duka? Duka talatin da biyar ɗin?"

"Galibinsu."

"Shekara nawa ina tambaya a gabanka yadda take magana?" Har yanzu muryarta a ƙasa take, wannan ne ya fi ba ni tsoro. "A teburin cin abinci, kana zaune. Ina tambayar Tata, kana yanka burodi."

"Ba maganarta kaɗai ke ciki ba," ya ce. "Akwai tawa."

Ni bakina ya buɗe. Na kira shi matsoraci, na kira shi mai son kansa, na gaya masa abubuwan da na tara tun ranar jana'iza, wasu ma ba su da alaƙa da zare. Bai rama ba. Solène ce ta ce, "Tata, ya isa. Papa, tashi."

Ya tashi. Karo na farko a rayuwarta ta zauna a gaban Kaka.

Na ce ta fara gama sha biyun da suka rage, tunda su ba a taɓa su ba. Ta ƙi. Ashirin da biyun da aka wuce take so, yanzu-yanzu. Na tuna mata abin da mai gyara ya ce. Ta ce ta ji da kunnenta.

Ta danna na farko. Inda ɗazu murya take, yanzu ba komai sai shuuu, da ɗan ɓurɓushin sauti can ƙasa kamar rediyon maƙwabci. Muka tsaya muna jira a cikin wannan shuuu ɗin. A sakan na biyar zaren ya tsinke ya cukurkuɗe a cikin abin da ke jan sa. Ta buɗe baya ta zaro guntun a hankali, hodar ta manne a yatsunta, abin da ya rage a hannunta leda ce fara da ake ganin haske ta ciki. Ta kalli yatsun nata, ta rasa inda za ta goge su.

Haka muka bi su ɗaya-ɗaya har azahar. Sha huɗu sun tsinke ko sun zube kafin su kai. Takwas suka kai. A ɗaya tari ne kawai. A wani ta ce, "Sanyi ake a nan." A wani tana cewa a miƙo mata ruwa. A uku daga ciki kuwa, bayan ta ja numfashi, sai muryar wani saurayi mai kaifi ta shigo daga nesa: "Sake. Kin sauka." A ɗaya ma ta fara cewa, "Gaétan, bayana…" ya katse ta da "Sake." Duk lokacin da muryar nan ta fito, tsohon da ke zaune a kan akwatin wayoyi sai ya runtse ido. Na so in ji daɗin ganinsa haka, amma ban ji ba. Na san saurayin nan, ni ma na sha "Sake" a bakinsa, kuma duk mun ɗauka haka ake yin kiɗa mai kyau.

Sha ɗaya daga cikin sha biyun da suka rage sun wuce lafiya, daga farko har ƙwas. Sautin yana ƙara siriri, numfashinta yana ƙara gajarta, don haka maganar tana ƙara tsawo. Ta yi wa cocin ba'a, ta ce beraye ne kaɗai ke zuwa ibada. Ta ce tana jin yunwa. Ta ambaci sunana sau ɗaya: "Da Ghislaine na nan da tuni ta fasa maka kai." Na yi dariya da ƙarfi, dariyar ta juye ta zama wani abu, na fita waje na dawo.

Saura na talatin da biyar, mafi siriri. Solène ta goge da auduga sau biyu, ta duba wayoyi, ta sake dubawa. Sannan ta danna.

Armelle ta hau sautin da ƙyar, ta riƙe shi sakan biyar, ya kuɓuce mata. Aka ji tana haki. Sai ta ce, a hankali, ba da wasa ba wannan karon:

"Shi ke nan ko? Gaétan, ranar da ɗan nan zai ji wannan, ka gaya masa…"

Ƙwas.

Solène ba ta ɗaga yatsanta ba. Ta ci gaba da dannawa kamar zaren zai ƙara tsawo. Da ta ɗaga, sai ta juyo da kujerar gaba ɗaya.

"To ga ni," ta ce. "Na ji. Gaya mini."

Ya sunkuyar da kai, ta sake tambaya:

"Ina sauran zaren? Wanda ka yanke?"

"Na zubar. Tun a lokacin."

"Ba komai. Kai kana wurin. Me ta ce ka gaya mini?"

Na roƙi Allah a raina ya yi ƙarya. Ya ce ta ce tana sonta, ya ce ta ce ta yi haƙuri da sanyin, ko mene ne, da ni ma na rantse na tabbatar. Amma Gaétan bai taɓa iya ƙarya ba, ɓoyewa kawai ya iya.

"Ban ji ba," ya ce. "Ina kallon allurar na'urar awon sauti. Sautin ya ɗan sauka a ƙarshe, ina tunanin ko in sa ta sake."

Solène ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata ƙarfe nawa. Ta rubuta lamba talatin da biyar, ta naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta sa guntayen zaren da suka tsinke a cikin ambulan. Ta sumbace ni a kumatu ta ce za ta kira ni. Ubanta ba ta ce masa komai ba. Muka ji motarta ta sauka tudu.

Na shiga tattara kofuna, don in hannuna ba ya aiki zan sake magana. Ina jin sa ya taso ya zauna a gaban Kaka. Ya ɗora yatsa a kan madanni na ƙarshe ya danna. Ba abin da ya fito sai shuuu. Na ƙirga ba da son raina ba: biyar, shida, bakwai. Bai ɗaga ba. Ya sunkuyar da kunnensa kusa da lasifika, ya riƙe har takwas, amma hodar ta riga ta zube.